Azumin da wani ya yi saboda ni

Shekarar da na yi aikin gini a Tamanrasset, mu shida ne a ɗaki guda, kwano ɗaya muke sa hannu, kuma ni kaɗai ne Kirista. Babu wanda ya sani. Ban taɓa cewa ni Musulmi ne ba, na dai bar su da zatonsu. In lokacin salla ya yi sai in tsiri wanke cebur ko zuwa kanti. Tsoro nake ji kada su ware mini kwano, ko su nuna mini ƙofa a garin da ban san kowa ba.

Abin kunyar shi ne a majami'armu ta ƙauye, can wajen Maraɗi, ni ke jan waƙa, ni ne kuma sarkin gardamar tauhidi. Ka tambaye ni yadda Almasihu ya ɗauki laifin masu laifi, in riƙe ka har abincinka ya huce. Na iya zancen kamar karatun 'yan lekkol, wato makarantar boko.

Baki ya ɓoye, amma maƙogwaro ya ƙi. Ina yaɓen siminti sai in ji ina gunguna wata waƙar majami'a, murya kawai, ba kalmomi. Abokin aikina, wani Badamagare ɗan ɗakinmu da ya girme ni kaɗan, shi ke miƙo mini kwaɓi. A hankali ya ɗauke muryar, har ya fi ni iya ta. Ina sama ina yi, yana ƙasa yana amsawa.

Wata rana muna hutawa a inuwar bango ya ce, "Kai ɗan Maraɗi, waƙar nan taka ba ta da baki ne? Koya mini, in rera wa iyali in na koma gida."

Na ce na manta. Ni da na koya wa mutum talatin ita! Yinin nan hannuna na aiki, zuciyata na zagina. Washegari na ja shi bayan tulin yashi, na rera masa baitin farko da kalmominsa, da sunan Yesu a ciki. Na ce masa ga abin da nake.

Sannan ya ce, "Addininka kai da Allahnka. Amma ka cuce ni, ƙanena. Watan jiya 'yan ɗaki sun ce ba su yarda da kai ba. Ni na tashi na rantse da Allah cewa kai Musulmi ne, ragwanci ne kawai ke damunka."

Ya je wurin malamin da ke koyar da 'yan ci-ranin unguwarmu. Malam ya ce masa babu kaffara a kansa, tunda a kan abin da ya ɗauka gaskiya ne ya rantse. Shi kuwa ya ce hankalinsa bai kwanta ba, sunan Allah ba abin wasa ba ne. Ya ɗauki azumin kwana uku.

Na roƙe shi ya bari ni in yi, ai ƙaryar tawa ce. Ya yi dariya ya ce, "Bakina ne ya rantse, ba naka ba. Hau sama, kwaɓi na bushewa."

'Yan ɗaki kuwa, da na faɗa musu, biyu suka daina yi mini magana, sauran suka ce da ma sun sani. Badamagaren ne ya matsa ya ba ni wuri a bakin kwano.

Kwana ukun nan rana ta buɗe sosai. Ina bisa katako da gorar ruwa a gefena, shi yana ƙasa yana ɗaga mini bokiti, leɓɓansa sun tsage sun yi fari. Shekara nawa ina yi wa mutane bayanin mara laifi a madadin mai laifi, ban taɓa jin kunyar abin ba sai ranar. Na sunkuya na karɓi bokitin daga hannunsa, na kasa kallon fuskarsa.