Ƙafar Kaka a Kan Turmi

Kakata ta wajen uwa ta dawo gidanmu a Roni da gyambo a saman idon sawunta. Rayuwarta duk a tsaye ta yi ta, gaban turmi da tukunyar daddawa, har jijiyoyin ƙwaurinta suka fito kamar igiyar guga. An barbaɗa toka, an sa garin bagaruwa, shiru. Ƙudajen Babura ma sai da suka zo dubiya.

"Amarya," na ce mata, "da wannan warin zan biya sadaki?"

"Tafi can, mijin banza. Ko ɗankwali ka taɓa saya mini?"

Ranar da ta kasa taka ƙafar na bar tsokana. Muka ɗora ta a jaki sai asibitin En'e na Kazaure. Malamin asibiti ya wanke ciwon, ya naɗe ƙafar tamau da bandeji daga yatsu har gwiwa. Ya ce jini ne ke sauka ya kasa hawowa, shi ya sa bakin ciwon ya ƙi haɗewa. Ya ce ta riƙa kwanciya tana ɗaga ƙafar sama da ƙirjinta. In ciwon ya ci gaba, sai Kano wurin Likita Bature, kuma ba kowa ke dawowa da ƙafa biyu ba.

Na kifa mata turmi a inuwar ƙofar ɗakinta, ta ɗora ƙafar. Sai dai ɗakin yana kallon hanyar zaure, Baba kuwa surukinta ne. Da ta ji gyaran muryarsa sai ta sauke ƙafar, ta tashi zaune, ta ja zane. Wuni ake yi a haka. Bandejin ya koma jiƙewa.

Innata ta roƙe ta har da hawaye.

"In miƙa wa mijin 'yata tafin ƙafa?" in ji Kaka. "Gara a yanke ta."

Ba wasa a muryarta.

Dama gaisuwa daga nesa ce kawai tsakaninta da Baba. Da safe ya ɗauki lauje ya huda danga ta bayan rumbu. Duk daminar nan ta wannan kafar yake shiga gidansa a sunkuye, kamar ɓarawon kaza, maƙwabta suna dariya.

Kafin a yanke gero ciwon ya koma kamar ƙwayar gyaɗa, daga baya ya rufe, ya bar baƙin tabo. Kaka ta taka da kanta har bayan rumbu lokacin da Baba ke shirin shigowa, ta tsaya ta kawar da kai.

"Sannu da aiki," ta ce.

Baba ya durƙusa daga waje ya amsa.