Hoton da Na Riƙe Miki a Taga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga Rajab, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayata, likitar da ke shekararta ta ƙarshe a koyon karanta hoton cikin jikin ɗan Adam.

Yaya, ni ne autanku da kike cewa bakinsa ba ya hutawa. Ni na laƙaba miki Mai Duba, na ce bambancinki da boka farar riga ce kawai. Ba ki taɓa fushi ba, sai ma kika ba ni aiki. Da kin dawo daga asibiti, in tsaya a tagar falo riƙe da hotunan ƙirji da na ciki, an lilliƙe sunayen masu su, ina yi miki tambaya da muryar manyan malamanku. Ni da ban wuce allo ba! Sau nawa na juya hoto ƙasa a sama, kika dube shi kika ce, "Ranka ya daɗe, wannan majinyacin da ka yake tafiya."

A tagar nan na ji abin da ake koya muku: kada ido ya ruga inda aka ce yana ciwo, a bi hoton duka har gefe-gefensa, sannan a faɗi abin da aka gani ba ragi.

Wata rana kika miƙo mini wani hoton ciki. Kika karanta shi a natse, kika nuna tabo a hanta, kika ce ya riga ya bazu. Na shaƙe murya na ce, "To, likita, me za ki gaya wa danginsa?" Kika ce, "In ce kada su daina ba shi dariya." Har tafi na yi miki. Sai da kika kwanta na san hotonki ne na riƙe.

Na yi ƙoƙari, Yaya. Kullum na shigo ɗakin jinya da sabuwar tsokana, in na fito in jingina da bango. Yanzu ga 'yarki tana jan rigata, wai in yi mata muryar malamai. Jiya na buɗe baki, muryar ta ƙi fitowa. Zan sake gwadawa.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa jinyar ta zama kaffara. Ina yi wa Inna da mijinki da abokan karatunki ta'aziyya. Allah Ya raya abin da kika bari, Ya ba mu haƙurin rashinki. Amin.