Buhu a Kan Fitilar Unguwa

Shekarar da likita a Damagaram ya ce mini jijiyar idona tana mutuwa, kuma babu gyara, ita ce shekarar da aka kafa fitilar sola a ƙofar gidana a Tanout. Unguwa ta yi ta murna. Ni kuwa haushi ya ishe ni, don tun da aka kunna ta ban sake ganin tauraro daga tsakar gidana ba.

Duk bayan kaka nakan tashi kafin asuba in kalli zubar taurari. Na daɗe ina gaya wa yara a lakwal, makarantar da nake koyarwa, cewa ba taurari ne ke faɗowa ba. Tauraruwa mai wutsiya ce ta wuce ta bar tsakuwa a hanyarta, kamar jakin da buhunsa ya huje. Kowace shekara duniya takan bi ta wurin, tsakuwar ta ƙone a sama. Na san in bana ta wuce ni, shi ke nan.

Na roƙi mai unguwa a kashe fitilar kwana ɗaya tak. Ya yi dariya.

"Malama, mutane na neman haske, ke kina neman duhu?"

To, madalla. Da lokacin ya yi, na ɗauko tsohon buhun gero da doguwar sandar da muke kaɗo aduwa, na lulluɓe fitilar ruf. Maƙwabciyata mai ƙosai, wadda ke hura wuta a gindinta, ta hau salati. Masu tafiya masallaci suka taru, har da mai unguwa.

"Cire buhun nan, Malama," in ji shi.

"Ba ni cirewa. Ku kuna da baɗi, ni ba ni da ita."

Kafin ya amsa, mai ƙosai ta yi ihu, "Ga wata tauraruwa can ta zubo!" Kowa ya ɗaga kai. Na ɗaga nawa, na buɗe ido iya ƙarfina har ya yi ruwa. Suna ta "ga wata, ga wata," ni kuwa baƙi kawai nake gani. Ashe na riga na makara. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Mai unguwa ya matso, ya sassauta murya.

"Kin gani kuwa?"

"Ban gani ba," na ce. "Amma kada wanda ya taɓa mini buhu. Ku kalla, ku gaya mini ta ina take bi."