Buhun Tsingaron Zuhra

Ƙanwata Zuhra ta zama dakta a Manchester, ba ta asibiti ba, ta tarihi. Ni yayanta da na gama firamare da ƙyar, ni ta ɗauko daga gida na zo bikin kammala karatunta. Murna har yau ba ta sake ni ba. Sai dai akwai abin da na yi mata.

A Yelwan Yawuri muka tashi, bakin kogi. Tana 'yar shekara tara, in ruwa ya janye ya bar baƙar laka, mu muna dasa albasa, ita tana tsintar tsingaro, fasassun tukwanen mutanen dā. Ta tara buhu guda, har da wani ɗan kan mutum na yumɓu. Abokaina suka sa mini suna "yayan mai tsince-tsince". Wata safiya na saka buhun a kwalekwale, na juye shi a tsakiyar kogi. Na ce mata ruwa ne ya taso ya kwashe. Kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Bayan bikin, ɗaliban Arewa da ke Birmingham suka gayyace ta lacca, ta tafi da ni. Da Hausa ta yi. Ta ce manyan garuruwan dā, tun daga Masar har namu, bakin kogi suka zauna. Ruwa ya kawo laka, laka ta ba da hatsi ya fi ƙarfin ci, kwalekwale ya kai ragowar kasuwa, sai ga maƙera, sai ga sarauta. Sannan ta ce, "Ni ma kogi ne ya ƙwace mini buhuna, shi ya sa nake ta binsa." Aka yi dariya, aka tafa. Ni kuwa gumi, cikin sanyin nan.

A jirgin ƙasa muna komawa na ce, "Zuhra, buhun nan, ba ruwa ba ne. Ni ne."

Ta juyo daga taga ta kalle ni.

"Yaya, shekara ashirin ina jin haushin kogi a banza?"

Ta gyara zama, ta sake jefo mini tambaya.

"A ina ka zuba?"

"Daidai tsibirin da muke ɗaure komar kamun kifi."

"To ka riƙe wurin. In na zo gida da rani, kai za ka tuƙa ni. Kuma lacca ta gaba, sunanka zan faɗa."

Na ce na yarda.