Butar da Na Ajiye a Layin Caji

Mun tashi da asuba daga Al Muraqqabat, ni da mahaifiyata, da kular shinkafa da wake, da darduma, da buta. Sati biyar ke nan Hajiya tana Dubai ana duba mata gwiwa, kuma in ka cire asibiti ba ta san ko'ina ba sai ɗakina a hawa na huɗu, wanda tagarsa ke kallon bangon wani ginin. Washegari jirginta zai koma Kano. Abu ɗaya ta roƙe ni tun zuwanta, ba zinare ba, ba atamfa ba: “Babana, ka kai ni inda zan taka ƙasa, in ga ruwan da ba na famfo ba.” Na yi ta cewa gobe, har goben ta ƙare. Shi ya sa na ce sai Hatta, inda dam yake tsakanin duwatsu.

Don ta samu wurin miƙe ƙafa da bayi na kusa, na yi hayar karaban, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota. Motar kuwa aro na yi wajen maigidana, mai aiki da lantarki ce, shiru kamar ba a kunna ba. A Dubai Investments Park muka ɗauki karaban ɗin, cikin rumbunan kaya da motocin ma'aikata. Wani abokina ɗan zangon Kumasi da ke aiki a wurin shi ya ɗaura min. Ya leƙa allon motar ya ce, “Massa, wannan ɗaki yana shan wuta paa. Ka yi caji kafin dutse, kuma ka kalli yadda nake ɗaurawa.” Na ce yalla, mu tafi, na gani. Ban gani ba, waya nake amsawa.

Titi kam ba a magana. Shimfiɗaɗɗe, ba rami, ba shinge, ba mai tsayar da kai ya ce a ba shi na goro. Muka tsaya muka sha shayin karak a dirhami ɗaya, Hajiya ta ce madarar ta yi amma ba citta. Rairayi ya fara komawa ja, raƙuma suna bayan waya, tana ƙirga su kamar yarinya.

Ni kuwa lamba nake ƙirgawa. Da muka tashi allo ya ce kilomita ɗari huɗu, amma duk ɗaya da muka ci sai ya zaftare biyu. Na kashe AC irin dabararmu ta gida, Hajiya ta koma fifita da gefen mayafi. A motar fetur na san in fitila ta kama akwai rizab, in ta mutu akwai jarka. Wannan ba ta san da zancen ba.

Da kyar muka kai wani gidan mai da ke da wurin caji, duwatsun Hatta suna can gaba shuɗi-shuɗi. Kawuna biyu ne, ɗaya a mace. Ɗayan babu kowa, na yi hamdala. Sai dai an yi wurin ne don mota ta shiga da kai, igiyar gajera, ga ni da ɗaki a baya ya tare hanyar manyan motoci. Ma'aikacin wurin ya taho yana ɗaga hannu: “Habibi, remove, remove!”

A nan na yi wautar da har yau take ci min rai. Duk wanda ya yi layin mai a Kano ya san in ka ajiye jarka ko dutse, wurin ya zama naka, ba mai taɓawa. Na ɗauko butar Hajiya na dasa a tsakiyar wurin, na ja karaban can ƙarshen fili. Ƙugiyar da ta haɗa shi da motar ta ƙi fita. Na murɗa, na daka, na yi gumi, sai da na kira ɗan Kumasi a bidiyo ya nuna min ƙaramar tayar da ake saukewa tukuna. Minti arba'in.

Na dawo na tarar da wata mota tana shan wuta, biyu suna bayanta, butata an ɗauke ta a mutunce an ajiye a gefe. Na nuna wa mai motar butar, na yi bayani da Turanci da Larabci da hannu. Ya dube ni, ya dubi butar, ya ce, “Sorry, brother,” ya shige cin abinci. Abin haushin, ba shi da laifi.

Azahar ta same mu a layi, la'asar ta same mu muna caji. Da na koma ɗaura karaban ba mai duba min baya, sai Hajiya ce ta tsaya cikin rana da sandarta tana cewa dama, hagu. Na yi lissafi: hawan dutse da ɗaki a baya zai cinye wutar, mu sake neman wani layin, ga kaya ba a ɗaure ba, ga jirgi da safe. Khalas, magana ta ƙare. Na faɗa mata sai dai mu koma gida, ba tare da na iya kallon fuskarta ba.

Ta ce to. Ta taka a hankali zuwa wani ɗan rairayi bayan gidan man, kusa da tankin shara, ta cire takalmi ta tsaya a kai. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce in miƙo butar ta wanke ƙafa.

Mun iso gida ana kiran magariba. Ina shigo da kaya na ji ta a waya da ƙanwata tana cewa, “Mun je mana. Wuri mai kyau, ga iska, yayanki ya yi ƙoƙari.” Da ma zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Abin da tafiyar ta koya min kaɗan ne, kuma da tsada na saya. In za ka ja ɗaki da motar lantarki, raba lambar allo biyu, ka koyi kwance ƙugiya tun a gida, ka kuma sani buta ba ta riƙe layi a Dubai. Amma laifin ba na mota ba ne. Sati biyar nake da su, na ba mahaifiyata rana ɗaya, ta ƙarshe. Ruwan da ta gani ranar na cikin buta ne, kuma ni na tara shi a famfo.