Rigar da Ba Ta Warin Gumi

Mijin yayata koyar da tuƙi ne sana'arsa. Malam Birki ake ce masa, don kalmar da ta fi fita daga bakinsa ke nan. Rabin masu mota a unguwarmu ta hannunsa suka bi. Shi kuwa ko burodi zai sayo a bakin layi sai ya tayar da mota. Nakan tsokane shi in ce ƙafafunsa na ado ne, shi kuma ya ce in koyi ribas tukuna kafin in sa baki.

Da ƙirji ya fara yi masa nauyi, likita ta ce zama ne ya raunana zuciyar. Ta ba shi magani, ta ce ya riƙa tafiya da sauri kowace safiya har gumi ya keto masa.

"Zuciya tsoka ce, Baba," in ji ta. "In ba a sa ta aiki, kwanciya take yi."

Yaya ta sayo masa takalmi mai igiya. Ranar farko bai kai kwanar kantin magani ba wata mota ta tsaya. Tsohon ɗalibinsa ne.

"Malam, kai ne a ƙasa? Motar ce ta lalace? Shigo mana."

Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya kasa. Mutumin da ya saba zama gefen masu rawar hannu yana cewa "kar ka ji tsoro, ina nan", da wane baki zai ce tasa zuciyar ce ta gaza? Wa zai ƙara kawo masa ɗansa? Sai ya ce motar tana gareji, ya shiga.

Abin ya zama jiki. Yau wannan ya ɗauke shi, gobe wancan. Yakan sauka bayan gidan mai, ya zauna a bencin mai faci har rana ta ɗaga, sannan ya sayi ruwan leda ya zuba a bayan rigarsa da hammata, ya shigo gida yana haki.

A nan na gan shi wata safiya zan kai ɗinki, ledar tana hannunsa tana ɗiga. Duk tsokanar da ke bakina ta gudu. Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance haka ba, har ni kunyar ta kama.

"Kar ki gaya mata," ya ce.

Ashe ba sai na gaya mata ba. Muna shiga gida muka tarar da Yaya a bakin famfo tana wanki. Ta karɓi rigar, ba ta ko ɗago kai ba.

"Tun ina amarya nake wanke maka riga, Malam. Na san warin guminka. Wannan ruwa ne. Kullum ina shanya ta ina tunanin takaba."

Ya tsaya da takalmansa fes, ba ko ƙura, kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Washegari muna ƙofar gida muna kallo ya fita. Mota ta tsaya kamar kullum. Hannunsa har ya kai murfin ƙofa, sai ya janye.

"Je ka, ɗana," ya ce, idonsa a ƙasa. "Motar lafiyarta ƙalau. Zuciyata ce ba lafiya. An ce in taka."

Kafin azahar labari ya gama unguwa. Wani maƙwabci ya aiko cewa ɗansa ya dakatar da koyon tuƙi, kuma har yau bai dawo ba.

Rigar ranar kuwa, daga ɗaki ma kana jin tsaminta. Yaya ta daɗe riƙe da ita kafin ta tsoma ta a ruwa.