Tasin da Bulus Ya Kawo Ƙofar Gidana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Bulus, amma har yau idan mota ta shigo garejinmu na Gauraka, wani lokacin sai in kasa kunne ko zan ji muryarsa.

Bulus mai fentin mota ne, mutumin Filato, rumfarsa tana jikin tawa. Ni kuwa bakanike ne. Ranar da batir ya fashe mini a fuska na rasa idanuna duka biyu. Da aka sallamo ni daga asibiti sai na shige ɗaki na ƙi fita. Masu dubiya suna ta zuwa, kowa da "Allah sarki" a bakinsa, har na tsani jin ta. 'Yan uwa, da kyakkyawar niyya, suka fara zancen samo mini ɗan jagora in riƙa fita bara a Madalla. Ban musa ba, don na riga na sallama.

Wata safiya Bulus ya kawo wata tsohuwar tasi har ƙofar gidana, ya bar ta a kunne, ya leƙo.

"Sani, fito ka ji wannan. Tun jiya take ba mu wahala."

"Da wane idon?"

"Da ma can da ido kake jin inji?"

Na taso ne don in zage shi. Kafin in kai ƙofa kunnena ya gaya mini filogi ɗaya ba ya ba da wuta. Na laluba, na kai hannu a kansa. A nan na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Daga ranar kullum sai ya biyo mini mu tafi gareji. Ya jera mini kayan aiki, ya hana kowa gusar da ko sifana ɗaya. Direbobin da suka ja baya, shi ya bi su yana lallashi. Zumunci a ƙafa yake, kuma tasa ta sha tafiya.

Yanzu ana yawan tara nakasassu a raba musu kaya, a ɗauki hoto, a watse. Da Bulus yana raye na san abin da zai tambaya: gobe da safe wa zai je ya fito da su aiki? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Da Bulus ya rasu bai bar gida nasa na kansa ba, bai bar ƙungiya mai sunansa ba. Ina kewarsa ƙwarai. Amma kwanan baya ina ƙarƙashin wata mota na ji wani baƙo yana tambayar 'yata Hauwa, wadda ta kawo mini abinci:

"Ke ce 'yar makahon nan?"

Ta ce, "'Yar bakaniken nan ce."